Yadi Ne, Ba Buhu Ba

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa daga gare mu duka, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma lafiya, sai dai idon Baba da har yanzu yake gani dishi-dishi. Likita ya ce yanar ido ce, sai ta ƙosa za a cire. Shi ya sa ni nake yi masa rubutu yanzu, ni kuma nake karanta masa duk takardar da ta shigo shago. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji shida na tsaya.

Baba ya ce in rubuta: a gaya wa Ɗan Boko saƙonsa ya iso. Haka ya ce, Kawu, ba ni ba. Ya ce tunda kwastan sun yarda su duba samfur daga ragowar yadin bara maimakon a jira layin buɗe kwantena, ga shi nan a ƙunshin da direban motar albasa zai miƙa maka. Tsawon taki biyu ne, yadda ka nema. Kamfani ɗaya da na bara, saƙa ɗaya, jan nan na roba mai raga.

Ya ce ka tuna saura mako biyar a fara cire albasa, ɗinki kuma yana cin mako biyu. Shugaban manoma ya zo jiya ya zauna a benci, ya ce buhunanmu suke jira, don albasa ba ta zama a buhun da iska ba ta ratsawa. Bandir arba'in ɗin nan da ke hannun kwastan su ne aikin shekararmu. Kekuna shida an zuba musu mai, matan da suke mana ɗinki kullum sai sun leƙo sun tambaya ko kaya sun fito. Bandir ɗaya ya rage mana, shi ma ya kusa kaiwa kwalin da aka naɗe shi a kai.

Iyakar na Baba ke nan. Nawa kaɗan ne. Ni na yanko samfurin, ni na shirya shi, na yi iya ƙoƙarina ya iso maka da kyau, kada a ce daga shagon ƙazamai ya fito. Inna ta ce a gaida ƙaninta, ta ce ka daina cin abinci a tsaye.

'Yarka,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Yaya, ta bakin 'yata Shiru-shiru,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa ido sannu, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida Innar yara. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙafa da ta gaji da zirga-zirgar tashar jiragen ruwa.

Na kira ka a waya ka ce maganar kaya ba ta iska ba ce, in rubuto. To ga shi na rubuto, amma ba labarin daɗi ba ne. An ba kayanka lambar buhu, ba lambar yadi ba.

Kwastan suna da wani littafi, in ya faɗo maka a ƙafa sai an kai ka asibiti. Komai na duniya yana da lambarsa a ciki, daga allura har injin jirgi, kuma lambar ce take faɗin harajin da za a biya. Yadin da ya zo a bandir harajinsa kaɗan ne, don a nan za a ɗinka shi mutane su samu aiki. Buhu ɗinkakke kuwa harajinsa ya ninka wancan sau huɗu, don a kare masu shago irinka. Ka ga dokar da aka yi dominka ita ta kama ka. Ko kekunan nan shida ka sayar ba za su cike ba.

Ga yadda aka yi. Direba ya iso saura kwata a tashi daga ofis. Ban tsaya kwance ƙunshin ba, na ruga na miƙa wa jami'ar da ke ba kaya lamba. Wannan sakacina ne, na ɗauka. A gabana ta kwance, sai ga ɗan buhu, gindi a ɗinke, baki a kalmashe. Ta jefa bironta a ciki ta ɗaga shi sama ta ce, “Malam, a garinku wannan ake kira yadi?” A littafinsu, da zarar an yanka an ɗinke baki, ya tashi daga yadi. Ta buga hatimi ina tsaye ina zufa.

Akwai ƙofa ɗaya. Ana karɓar ƙorafi cikin kwana goma sha huɗu daga jiya. In a shagonku aka ɗinke samfurin, a rubuto haka, Yaya ya dangwala yatsa, a haɗo da wani taki biyu ɗanye, wanda allura ba ta taɓa ba. Tambayata ɗaya ce: wa ya ɗinke shi? A ba direba amsa da motar da za ta juyo.

Ƙaninka,
Ɗan Boko, tunda haka kake so

*

Zuwa ga Kawu,

Muna gaisuwa. Kowa lafiya. Ido yana nan yadda yake.

Baba ya ce in rubuta, kada in rage ko kalma ɗaya.

Ya ce shekara goma sha ɗaya yana kawo yadin nan, bai taɓa zama buhu a tsakiyar teku ba. Ya ce ko kifaye ne suka buɗe kwantena suka ɗinka? Ya ce ka cika takarda da labarin littafi mai karya ƙafa, amma ba ka faɗi dalilin da ya sa suka ce buhu ne ba, ba ka kuma faɗi abin da za a yi ba. Ya ce mutumin da aka kashe wa kuɗin makaranta har ya iya ɗaura wuya da igiya, bai kamata mace mai biro ta tsayar da shi kamar ɗan firamare ba. Ya ce in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa a fili, a nemi wani tun da sauran lokaci.

Ya ce shugaban manoma yana zaune aka karanta wasiƙarka. Ya tashi bai gama shan ruwansa ba. An ce an gan shi a shagon masu buhu na bakin babbar hanya yana taɓa kayansu.

Ya ce kada ka kira shi a waya, ba zai ɗauka ba.

Iyakar nasa ke nan.

Ni ba ni da abin faɗa wannan karon. Kaina yana ciwo kwana biyu. Ka yi haƙuri da tawadar da ta zuba a gefe.

'Yarka,
Shiru-shiru

*

'Yata,

Wannan taki ce ke kaɗai. Kada ki karanta ta a shago.

Ina fatan kan ya yi sauƙi. Ni kam tun da na karanta ta Babanki abinci bai yi mini daɗi ba. Zagin ba komai, tun ina ɗan saurayi yake tsokanata, na saba. Abin da ya dame ni shi ne tambaya ɗaya na yi, ya zagaye ta kamar rami. Ba takarda, ba yatsa, ba yadi. Na kira sau biyar bai ɗauka ba. Yau kwana bakwai sun tafi.

Na juya abin a raina, ga abin da nake zato. Idon ya fi yadda kuke gaya mini. Ina jin shi ya lalubo ƙaramin buhu a kan tebur ya ɗauka yadi ne, ya ce ki ƙunshe, ke kuma ba mai musu ba ce. Yanzu ya gane, girman kai ya hana shi faɗa, shi ne yake huce haushi a kaina. Na san halin Yaya, gara a sayar da rufin shagon da ya ce “ban gani ba.”

In haka ne, ba sai ya faɗa da bakinsa ba. Zan rubuta wa jami'ar cewa mai kayan dattijo ne da ido ya tafi, ba ya bambanta yadi da buhu, a yi masa afuwa. Takardar za ta zauna a fayil da sunansa, duk wanda ya buɗe zai gani. Ba na so, amma ba ni da wata dabara. Ki samo mini taki biyu ɗanye ki ba direba, ko Baba bai sani ba. Ki gaya mini gaskiyar idon nan.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Kada ka rubuta wannan takardar, don Allah. Idon Baba bai ƙaru ba, kuma ko a rufe yake, da yatsa yana gane buhun da aka tsallake ɗinki ɗaya a jikinsa. Bai taɓa samfurin ba ma.

Ni na ɗinke shi.

Ka san yadin nan kamar ƙafar wando yake zuwa, zagaye, ba shi da gefe. In an yanka sai bakin ya fara zarewa, zare na bin zare. A shagonmu ba a barin yanki ya kwana da baki a buɗe, balle ya fita ƙofa. Tun ina shekara tara Inna take buge mini hannu a kan haka. Da na yanko taki biyun na ga zai yi kwana biyu a mota, sai na bi ƙasan da keke, na kalmashe saman. Har sau biyu na farke don bai miƙe ba. Wallahi Kawu ban ga buhu ba, baki biyu na gani suna zarewa.

Wannan shi ne ƙaramin laifin. Ga babban.

Ranar da wasiƙarka ta zo shago a cike yake. Matan ɗinki suna nan, shugaban manoma yana kan benci. Baba ya ce, “Karanta mana, da ƙarfi.” Na karanta har wajen kekuna shida. Idona ya riga bakina sauka ƙasa, na ga “gindi a ɗinke, baki a kalmashe.” Kowa yana kallona. Sai na tsallake na karanta sa hannunka. Baba ya ce, “Shi ke nan?” Na gyaɗa kai. Na ce a raina gobe zan faɗa. Gobe ta yi ya zaunar da ni ya ce in rubuta maka zagi, na rubuta, ina sane da ba ka ci ba.

Taka ta biyu jiya ta iso, motar ta lalace a hanya ta kwana. Da na ga za a rubuta Baba makaho a fayil saboda ni, sai na san dole in faɗa.

Yau da safe kafin mata su zo, na same shi a bakin ƙofa yana naɗa zare a kwarkwaro da lalube. Na ce, “Baba, akwai saura.”

Ya ce, “Sauran me?”

Na ce, “Sauran wasiƙar Kawu.”

Na karanta masa. Bai daina naɗin ba sai da na kai tambayarka. Ya ce, “To, wa ya ɗinke?”

Na ce ni ce.

Ya ce, “Ban ji ba. Sauro ne yake magana?”

Na ce, “Ni ce, Baba.”

Inna ta fito daga ciki da tsintsiya a hannu ta ce, “In ɗinkin ne ni na koya mata, da ni za ka yi. Ni ma da haka zan aika shi. Wa yake aika abu baki wangame kamar mahaukaci?”

Baba ya ce, “Ba ɗinkin ba ne.” Ya juyo wajena, ya ce, “Nawa idon ya mutu na aro naki. Ashe shi ma zaɓar abin da zai gani yake yi.” Bai ɗaga murya ba. Gara ma da ya ɗaga.

Sannan ya ce in ɗauko takarda. Ita ce a haɗe da wannan, da yatsansa a ƙasa. Ya sa na kai wa mai shagon magani na kusa da mu ya sake karanta masa kafin ya dangwala. Ina tsaye a wajen.

Ga taki biyu ɗanye. Da na yanka ya fara zarewa, Inna ta ce ba za ta iya kallo ba, ta fita. Na naɗe shi a kwali na ɗaura masa roba. In ya iso a yamutse, haka yake.

Baba ya ce a gaya maka ya janye maganar igiyar wuya. Sauran ya ce sai kun haɗu.

Yau kwana goma sha ɗaya. Na roƙi direba da bakina kada ya tsaya lodi a hanya. Ya ce ashe ina magana.

Ka yafe mini.

'Yarka

*

Zuwa ga Yaya da 'yata,

Ina gaisuwa, a gaida Innar yara, a ce mata yau a zaune na ci abinci.

Direba ya iso ranar kwana goma sha uku. Wannan karon a bakin ƙofa na kwance ƙunshin, na duba gaba na duba baya, sannan na shiga. Jami'ar ta shimfiɗa ɗanyen kusa da ɗan buhun, ta ja zare ɗaya ya biyo ta har gwiwar hannu. Ta karanta takardar Yaya sau biyu. Ta karɓi ƙorafin.

Amma ta ce tunda fayil ɗaya yana ɗauke da samfur biyu masu ƙaryata juna, ba za ta canja lamba ba sai ta ga bandir da idonta. Wato layin buɗe kwantena da muka guje wa, shi muka shiga. Kwana goma sha biyu ne. Ba zan ɓoye ba, da amsar nan da motar farko ta zo, da mun rage mako guda. Ku shirya, albasar farko za ta fito babu ku. Yaya, ka nemi shugaban manoma ka gaya masa gaskiyar ranar, kada ka yi masa alkawarin da teku ba ta yi ba.

Yaya, ni ma na zarge ka da abin da ba ka yi ba, kuma ni ne ban kwance ƙunshi ba. Mun yi canjaras.

Abu na ƙarshe. Na roƙi a ba ni ɗan buhun in mayar, ta ce an buga masa hatimi, ya zama na fayil har abada. Ta sake juya shi ta ce shekara tara tana duba buhunan kamfani, ba ta ga kalmasa mai miƙewa irin wannan ba, shi ya sa ko shakka ba ta yi ba. Ta ce a gaya wa yarinyar, da hannunta bai kai haka iyawa ba da ba ta jawo muku wannan wahalar ba.

'Yata, na yafe. Ki yanko samfurin baɗi daga sabon kaya ki ajiye tun yanzu. Ɗanye.

Ƙaninka, Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa daga gare mu duka. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna bai sauka daga keke ba. An sa wa Baba ranar aikin ido, sai bayan an gama albasa.

Kaya sun iso, bandir arba'in cif, da takardar da ta ce yadi ne. Amma kafin mu gama ɗinki an riga an yi kwana takwas ana cire albasa. Shugaban manoma ya raba, rabi ya ba masu bakin hanya, ya ce baɗi sai ya ga kaya a ƙasa kafin ya yi magana. Mata biyu sun bi aikin can, kekunansu an lulluɓe su da zane. Akwai wani dattijo mai gona a ƙasan rafi da ya ƙi sayen na kowa, ya ce shekara goma namu yake saye. Ya zuba tasa a buhunan takin zamani yana jira, wajen kashi ɗaya cikin uku ta ruɓe. Da ya zo karɓar buhu bai yi ƙorafi ba, ya gaida Baba, ya gaishe ni ni ma. Warin albasar yana jikin rigarsa. Har yanzu ina jin sa.

Ranar da wasiƙarka ta zo shago a cike yake kuma. Baba ya ce in karanta. Na karanta wajen mako gudan da na ɓata mana, ban rage murya ba. Da na kai maganar jami'ar sai na so in sake tsallakewa, don wannan ma kunya ce. Na tsaya. Baba ya ce, “Saura?” Na ce, “Akwai.” Na karanta har ƙarshe. Matan suka fashe da dariya, ɗaya ta ce yau ga kalmasar da ta tsayar da jirgin ruwa. Inna ba ta yi dariya ba, ta ce, “Ai hannuna ne.”

Duk da haka Baba ya kai wa mai magani ya sake karanta masa. Da ya dawo ya miƙo mini ya ce, “Daidai.” Har yau bai koma kirana Shiru-shiru ba, “ke” yake cewa. Amma ya ce duk kalmasar bana ta kekena za ta bi.

Na yanko samfurin baɗi. Yana cikin kwali a ƙarƙashin teburin yanka, na rubuta a jiki kada kowa ya ɗinke. Ya fara zarewa. Kullum in na wuce sai tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ban taɓa shi ba.

'Yarka